Ambaliya a Kan Tudu

A wani daji da ya kwanta tsakanin dogon tudu da babban kogi, dabbobi sun taɓa samun shekarun ƙoshi a jere, har ciki ya daina damunsu suka koma neman abin da za su yi da yammacinsu. Abin da suka samu shi ne wasan allo. Dabba za ta sayi allo mai gurabe ta ajiye a gida, sannan ta riƙa sayen wasanni, kowanne a jakarsa: sassaƙaƙƙun 'ya'yan wasa da dokokin yadda ake tafi da su.

Gida biyu ne ke yin allo. Akwai gidan Toron Giwa a kan tudu, allonsa na dutse ne, gurabensa masu kusurwa huɗu. Akwai kuma gidan Kada a bakin kogi, nasa na katako, gurabensa zagayayyu. Ɗan wasan da aka sassaƙa wa wannan ba ya zama a gurbin wancan. Masana sun sha bayyana cewa babu abin da ya hana guraben su zama iri ɗaya, gidajen biyu kuma sun sha yaba musu saboda zurfin iliminsu.

Dukansu biyu suna sayar da allo ƙasa da abin da suka kashe wajen yin sa, shi ya sa ake yi musu kallon masu tausayin talaka. Sai dai duk wasan da aka sayar don a buga a allon ɗayansu, mudu uku cikin goma nasa ne, ko da bai taɓa ganin jakar da idonsa ba.

A mararrabar da hanyar tudu ta haɗu da ta kogi, nan wata bushiya mai suna Tasalla ta kafa rumfarta. Ita ke ƙirƙirar wasa. Wani tsohon kunkuru, Nomau, shi ke sassaƙa, ga gafiyoyi shida masu gogewa da shafa launi. Sun fitar da ƙananan wasanni uku, kuma kowanne sau biyu suka sassaƙa shi, mai gindin kusurwa don tudu, mai zagayayyen gindi don kogi. Aikin ninki biyu ne, gyara ma ninki biyu. Kuma tunda dole wasa ya yi a nan ya yi a can, sai su riƙa yin sa tsaka-tsaki: bai kai nauyin da dutse ke so ba, ya kuma ɗan fi ƙarfin katako. Ana saye sama da ƙasa, ba a zagi, ba a yabo. Suna ci, amma rumbunsu bai taɓa wuce rabi ba.

Akwai wasa ɗaya da Tasalla ta daɗe tana ɗauke da shi a ranta. Ita haifaffiyar bakin kogi ce. Tana ƙarama ruwa ya taɓa cin unguwarsu, gwaggonta Lantana ta sa ta a ƙwarya ta yi ta turawa har suka kai busasshiyar ƙasa. Ita ba ta tuna komai ba, amma Gwaggo ta ba ta labarin sau ba adadi, da wanda ya gudu ya bar nasa, da wanda ya koma ɗauko tukunya bai dawo ba. Daga wannan labari ta ƙulla wasan da ta sa wa suna Ambaliya. Kowane mai wasa yana da gida mai 'ya'ya goma sha biyu a gindin allo, 'ya'yan ruwa kuma suna cin layi ɗaya a kowane zagaye. In ka ga dama ka ruga kai kaɗai, za ka isa sama da wuri amma da 'ya'ya biyu ko uku. In ka ga dama ka tsaya kai da maƙwabcinka ku haɗa gado, wato itatuwan da ake ɗaurewa a tsallake ruwa a kansu, ku tsira da yawa, in bai zame ya bar ka ba. Ranar da ta gwada shi a ƙasa da tsakuwoyi, gafiyoyi suka manta da abincin rana, biyu daga cikinsu kuma suka yi kwana uku ba sa ga maciji da juna.

Nomau ya dubi zanen ya ce, "Wasa kam ya yi, Tasalla. Amma 'ya'ya tamanin ne a jaka guda. Damina biyu za mu yi ba mu sayar da ko ƙwaya ba. Me za mu ci?"

Ta fara zuwa wurin Kada, tunda labarin na kogi ne. Ya saurare ta baki buɗe, kamar yadda yake sauraron kowa. Da ta gama ya ce, "Madalla da ke, 'yar gida. Ki je ki yi, in kin gama ki kawo. Ni ƙofata ba ta rufuwa." Ya lumshe ido. Ta tsaya jim ko akwai saura, ta ga babu, ta kamo hanya.

Bayan kwana biyu sai ga Barmo, dilan da ke yi wa Toron Giwa wakilci, ya yi sallama a rumfa. Ya gaida Nomau da ladabi, ya tambayi gafiyoyi iyalansu, ya zauna ya buga Ambaliyar tsakuwa har sau biyu, duk ya bari aka cinye shi.

"Gwana," in ji shi, "maigida ya ji labarin wannan abu, kuma bai ji daɗin yadda ake barin mai basira irinki tana yawon neman mudu ba. Ga abin da ya ce. Zai ciyar da ke da duk wanda ke ƙarƙashinki har ki gama, ko damina nawa ne. Zai gina miki rumfa a kan tudu, ya ƙara miki ma'aikata. Ranar fitowa, masu shelarsa ne za su zaga daji. Ba za ki ƙara sassaƙa abu sau biyu ba. Abu ɗaya kawai yake roƙo, shi ma don kare martabar wasan ne: kada ɗan Ambaliya ko guda ya taɓa zama a zagayayyen gurbi."

"Har yaushe?" in ji Nomau.

"Baba, ai tsakanin 'yan uwa ba a sa rana."

Da Barmo ya tafi, Nomau ya ajiye gizagonsa. "Ki yi tunani, 'yar nan. Allunan kogi sun fi na tudu yawa. Wannan ba wasanki yake so ba, so yake duk mai son wasanki ya sayi dutsensa. Kuma waɗanda ruwa ya ci su ne za a hana su taɓa shi."

"Na sani, Baba Nomau."

"To?"

"To ka nuna mini wanda zai ciyar da mu damina biyu a bakin kogi, in bi ka yanzu. In na ƙi wannan, ba mutanen kogi kaɗai za su rasa Ambaliya ba. Kowa ne zai rasa, har ni."

Nomau ya ja kansa cikin ƙoƙon bayansa ya daɗe. Da ya fito da shi sai ya ce, "Gindin kusurwa ya fi wuyar sassaƙa. A gaya musu ina son sabon gizago."

Washegari Tasalla ta hau tudu ta dangwala tafinta a jikin yarjejeniya. Doguwa ce ƙwarai, Barmo ya karanta mata farkonta da ƙarshenta.

Gaskiya ita ce Toro ya cika alkawari, kuma Tasalla ba ta taɓa jin daɗin aiki kamar na wannan lokaci ba. Allo ɗaya ne a gabanta, ta san zurfin kowane gurbi. Ta sa aka yi 'ya'yan ruwa da baƙin itace mai nauyi, in ka dire su a dutse sai ka ji wani ƙara da ke sa gaban mai wasa ya faɗi. A katako da wannan ba zai yiwu ba. Abinci na zuwa a kan kari. Abin da kawai ke ɗan ja mata rai shi ne ziyarar Barmo. Yau ya ce maigida na son 'ya'yan su ƙara girma, don a ga irin nauyin da allon dutse ke iya ɗauka. Gobe ya ce a sa wa kowanne ido da gashin baki. Duk ƙarin da aka yi sai an ƙara ma'aikata, har gafiyoyi shida suka zama arba'in, damina biyu ta zama uku.

Da Ambaliya ya fito bayan kaka, tudu ya ɗauka. Dabbobin da ba su taɓa tunanin sayen allo ba suka sayar da rabin amfanin gonarsu suka sayi dutse. Wasu daga tsakiyar daji ma suka jingine katakonsu suka hau tudu. Toro ya kira Tasalla gaban jama'a ya ce ita 'yarsa ce.

Waɗanda suka fi kowa murna su ne birai. Su dama tun fil azal 'yan dutse ne, kamar yadda kwaɗi suke 'yan katako, kuma ba abin da ɓangarorin biyu suka fi so kamar su tsaya a kan iyaka suna gaya wa juna magana. Yanzu birai sun sami abin faɗa. Kullum da yamma sai su sauka gaɓar kogi da jakunkunansu suna kaɗawa, suna tambayar kwaɗi ko yau me ake bugawa a wurinsu.

Wata rana Tasalla ta gamu da shugabansu, wani jan biri mai suna Mati, yana dawowa daga gaɓa. Ya zube ya gaishe ta, ya ce tunda aka kafa daji ba a yi mai ƙwaƙwalwarta ba. Ta ji daɗi, ta tambaye shi ko shi mai gudu ne ko mai haɗa gado.

"Wane gado, ranki ya daɗe?"

Ta dubi jakarsa. Ƙullin da aka yi mata a rumfa yana nan ba a kwance ba.

"Ban samu na zauna ba tukuna," in ji Mati. "Hidima ta yi yawa. Amma wallahi ya fi duk abin da ke bakin kogi, nesa ba kusa ba."

Ana nan, ran wata kasuwa, sai ga Gwaggo Lantana ta hawo tudu tana dogara sanda, tana hutawa a kowace inuwa. Tasalla ta ruga ta tarbe ta, ta kawo ruwa. Da tsohuwa ta huce sai ta ce, "An ce kin sa ni a wasa."

"Ke ce ma wasan gaba ɗaya, Gwaggo."

"To ai shi ne na ce bari in zo in gani. Na kai gyaɗata shagon Kada, suka ce babu, kuma ba za a kawo ba. Na ce ku duba dai, 'yata ce ta yi shi. Suka yi mini dariya."

Tasalla ta shimfiɗa allon dutse suka buga. Gwaggo ta kama dokokin tun a zagaye na biyu, ta cinye ta sau uku a jere, tana gyara mata labari: ai ba haka ruwan ya zo ba, ta bayan gari ya ɓullo. Da za ta tafi ta shafa allon ta ce, "Da dai a gida ne, da na nuna wa su Kande. Yawancin waɗanda muka tsira tare suna nan, amma ba mai ƙafar hawa nan sai ni."

"Sai in ba ki allo, Gwaggo."

"Wa zai ɗaukar mini dutse? In ma an kai, ɗakina a kan laka yake, nitsewa zai yi. Bar shi, 'yar nan. Na gani, ya isa."

Tasalla ta raka ta har gangare, ta tsaya tana kallonta tana sauka a hankali. Da ta komo rumfa ta zauna kusa da Nomau tana juya wani guntun itace.

"Kar ki ce in yi," in ji shi, bai ɗago ba.

"Ban ce ba."

"Jaka ɗaya, mai zagayayyen gindi. Ba launi, ba gashin baki. Kuma ban san ki ba, ba ki san ni ba."

Cikin mako uku ya gama, da ragowar itacen da ake zubarwa. Tasalla da kanta ta kai. Ta roƙi Gwaggo kada ta fitar da shi tsakar gida, Gwaggo ta yi alkawari, kuma ta cika. Sai dai tsofaffi shida da suka tsira daga ruwa ɗaya ba sa iya buga Ambaliya a hankali. Ihun Kande, wadda aka zame aka bari a tsakiyar gado, shi ya jawo kwaɗi bakin taga. Kafin rana ta faɗi kwaɗi sun cika gaɓa suna rera wa birai waƙa.

Toro ya kai ƙara majalisar daji. Aka taru a ƙarƙashin babbar kuka, Alƙali Burtu a tsakiya. Shi Burtu yana da allon dutse da na katako a gidansa, dukansu kyauta aka ba shi, kuma ya karɓi biyun ne don kada a ce yana da ɓangare. Aka ajiye jakar Gwaggo a gabansa a matsayin shaida.

Toro ya fara magana, murya ƙasa-ƙasa. "Allah ya gafarta malam, ni ban zo don kaina ba. Damina uku na ciyar da baki arba'in da biyu, ban san ko abin zai karɓu ba. Da ya faɗi, ni kaɗai zan ɗauki asara, ba wanda zai taya ni. A lokacin da yarinyar nan take yawo da tsakuwoyi, duk dajin nan ya gan ta, wa ya ba ta mudu? Ni ban hana kowa wasa ba. Ƙofar shagona a buɗe take, duk mai son Ambaliya ya zo ya sayi allo. Abin da nake karewa shi ne inganci. Wasan da aka haifa a kan dutse, in aka sa shi a katako, an wulaƙanta shi, an kuma wulaƙanta waɗanda suka yarda da mu. Mu a tudu iyali ɗaya ne."

Kada ya nemi izini a matsayin mai kishin jama'a. "Allah ya gafarta malam, ni ba ni da hannu a wannan shari'a, amma zuciyata ta ƙi ta yi shiru. Wasa na kowa ne. Yaya za a ɗauki labarin kogi, wahalar kogi, hawayen kogi, a kulle a kan tudu? Ranar da aka fara tambayar dabba irin allonta kafin a bar ta ta yi nishaɗi, ranar daji ya lalace. Ni ina tare da 'yancin mai wasa, yau da gobe."

Wani daga bayan taro ya tambaya ko yaushe za a kawo wa tudu wasannin nan huɗu da ba a bugawa sai a katako. Kada ya ce wannan maganar daban ce, waɗancan an yi su ne musamman don yanayin ruwa.

Sai Mati ya yi tsalle ya shigo fili, idonsa jawur. "Allah ya gafarta malam, a duba mana! Ni gonar gyaɗata guda na sayar na sayi dutse. Na ɗauke shi a ka daga shago har gida, wuyana bai daina ciwo ba har yau. An ce mana namu ne mu kaɗai. To in kwaɗo zai zauna a kan laka ya buga abin da nake da shi, ni me na saya?"

"An rage maka wani abu a jakarka?" in ji Burtu.

"Ba a rage ba. Amma an ƙara musu!"

Birai suka ɗauki sowa, sai da dogarai suka tsawatar.

Aka ce Tasalla ta yi magana. Ƙayoyinta sun miƙe, tana jin jikinta na son ya naɗe, ta hana shi. "Allah ya gafarta malam, duk abin da maigida ya faɗa gaskiya ne. Ya ciyar da mu, kuma ba don shi ba da babu wasan nan. Ni na dangwala, ba wanda ya kama hannuna. Ni kuma na sa aka yi jakar nan, Baba Nomau umarnina ya bi. Ban sayar ba, ban karɓi ko ƙwayar gyaɗa ba. Tsohuwar da ta tura ni a ƙwarya ce ta ce tana son ta nuna wa ƙawayenta, su shida, kuma duk cikinsu ba mai iya sayen dutse ko da an bar wasan a kan tudu shekara ɗari. Ban ga cinikin da na ɓata wa kowa ba. In laifi ne, na yi. Abin da nake roƙo kawai a mayar mata da jakarta."

Burtu ya sa aka karanta yarjejeniya, wannan karon har da tsakiyarta. A can aka tarar an rubuta cewa in aka saɓa sharaɗi, sunan wasa da dokokinsa da rumfa da duk abin da ke cikinta sun zama na gidan Toro. Alƙali ya ce yana jin tausayin tsohuwa ƙwarai, amma majalisa ba ta shari'a da tausayi. Ya ba Toro rumfa, ya ba shi jaka. Toro ya miƙe ya ce shi uba ne, ba zai kori 'yarsa ba, za ta ci gaba da aiki a kan albashi. Jama'a suka yaba da wannan karamci.

Haka Tasalla ta koma ma'aikaciya a rumfar da aka gina mata. Ta yi shekara guda tana ƙirƙiro wa 'ya'yan Ambaliya sababbin huluna, waɗanda ake sayarwa daban.

Da wata kakar ta zagayo, Barmo ya shigo da fara'arsa, ya ajiye wata jaka a kan teburinta. Ta gane jakar Gwaggo ce tun kafin ya kwance.

"Gwana, albishirinki. Maigida ya yanke shawarar kai Ambaliya bakin kogi. Ga samfuri nan, aikin Baba ne, ba sai an sha wahalar awo ba. Dubu ake so kafin bazara."

Tasalla ta ce, "Barmo, ba a kan wannan aka ƙwace mini rumfa ba?"

"A'a, gwana, kada ki haɗa. Waccan saɓa alkawari ce, wannan faɗaɗa kasuwa ce. Ki duba: duk wanda zai sayi dutse saboda Ambaliya ya riga ya saya. Gafiyoyi arba'in kuwa kullum sai sun ci. Ga alluna can birjik a bakin kogi ba abin bugawa. Maigida ya ce ba daidai ba ne a hana bayin Allah nishaɗi saboda irin allonsu."

"Ingancin fa?" in ji Nomau daga inda yake zaune.

"An duba, Baba. Ashe katakon ma ba laifi."

"Shi Kada ya yarda?"

"Tun da azumin bara suke magana. Uku nasa, bakwai namu."

Aka yi dubu, aka kai, suka ƙare cikin wata guda. Toro da Kada suka tsaya tare a gaɓa ranar buɗewa, kowanne ya yi jawabi a kan zumunci. Tasalla ta bi layi a shagon Kada kamar kowa, ta sayi jaka ɗaya da albashinta ta kai wa Gwaggo. Tsohuwa ta juya wani ɗan wasa a hannunta ta ce na farkon ya fi, wannan gashin bakin na mene ne.

Birai ba su je gidan Toro ba, don gidan Toro akwai dogarai. Rumfa suka zo. Kwana bakwai suna jifan rufinta da ƙwallon goruba suna kiran Tasalla maciyiya amana. A rana ta takwas aka yi walimar murnar cinikin da ba a taɓa yin irinsa ba, aka ci aka sha. Da aka watse Barmo ya karanta sunayen gafiyoyi talatin, ya ce gida na gode musu, kuma saboda a ƙara ƙarfafa rumfa, daga gobe sun huta.

Tasalla ta ajiye aiki a makon. Ba ta fita da komai ba sai tabarmarta, Nomau kuma da tsohon gizagonsa, don sabon na gida ne. Suka koma mararraba, suka gyara rufin tsohuwar rumfa. Gafiyoyi tara daga cikin waɗanda aka sallama suka biyo su, ba ta iya cewa su koma ba. Suka fitar da wani ƙaramin wasa, sau biyu kamar da, mai kusurwa da zagayayye. A tudu birai suka hana a saya. A kogi aka ce yana da kyau, amma ba Ambaliya ba ne. Damina ta yi jinkiri, rumbu ya sauka har ana jin ƙasansa da hannu. Tana da wani sabon wasa a ka, babba, wanda ta san ya fi na farko, ta gwada shi da tsakuwoyi sau ɗaya ta tattara ta ajiye.

Wata rana da hantsi suka ji ana jan ciki a kan hanya. Kada ne da kansa, wanda ba a taɓa ganin ya yi nisa da ruwa fiye da tsawon jelarsa ba. Ya iso yana haki, ƙura ta rufe shi.

"'Yar gida," in ji shi, "abin da aka yi miki a tudu ya hana ni sukuni. Ke tamu ce, ki dawo gida. An ce kina da sabon abu. Zan ciyar da ke da jama'arki har ki gama. Abu ɗaya kawai nake roƙo, shi ma don kare martabar wasan ne."

"Na san shi," in ji Tasalla.

Ta dubi gafiyoyi, waɗanda suka daina aiki suna kallon ƙasa. Ta dubi Nomau. Ta san abin da ke cikin maganar, ta san inda za ta ƙare, ta kuma san abin da ya rage a rumbu. Ta jira tsohon ya ce ta yi tunani.

Nomau ya share gizagonsa da tafin hannu. "Damina nawa?"

"Uku, Baba. Har huɗu in ta kama."

"A karanta mana tsakiyar tukuna," in ji Tasalla, ta tashi ta shimfiɗa wa Kada tabarma.

Aka karanta, tun daga hantsi har azahar. Kalma ɗaya ce ta bambanta da waccan, inda aka ce kusurwa nan an ce zagaye. Ta nemi a ƙara layi guda, a bar mata jaka ɗaya ta ba wanda ta ga dama. Kada ya ce tsakanin 'yan gida ai ba sai an rubuta irin wannan ba. Ta dangwala.

Kafin la'asar kwaɗi sun cika gaɓa suna shelar cewa ba a taɓa haihuwar mai basira irin Tasalla ba. Labari ya hau tudu, ya tarar da birai a inuwa. Suka ce su dama can ba su taɓa ganin abin so a wasanninta ba.